Karyar da ta faɗa teku a Mackay: nazarin mintocin da ba wanda ya waiwaya

A ƙarshen shekarar 2008 wasu ma'aurata mazauna Mackay, birnin noman rake da ke gaɓar jihar Kwinsland a arewa maso gabashin Ostareliya, suka fita shan iska a jirgin ruwansu. Tare da su akwai karyarsu mai suna Sophie Tucker. Karyar gida ce, irin wadda ta saba da tabarma mai laushi da abinci a kwano da sanyin na'urar ɗaki. Suna cikin tafiya a yankin tsibiran da ke gabas da birnin sai teku ta murtuke, jirgi ya shiga tangal-tangal, hankalin mutanen ya koma kan tuƙi. Ko da suka waiwaya, babu karya babu dalilinta.

Suka juya da jirgin, suka bi sawunsu, suka yi fiye da awa guda suna zagaye suna kiran sunanta. Ranar an tashi da hadari, sama ta yi toka-toka, ruwan ma haka. Daga ƙarshe suka haƙura suka koma gida da yaƙinin cewa ta nutse, ko kuma kifin shak ya yi kalaci da ita, domin yankin ba ya rasa su.

Bayan fiye da wata huɗu aka kamo ta da rai a tsibirin St Bees. An ƙiyasta cewa ta yi ninƙayar mil biyar na teku, wato kilomita 9 da 'yan kai, kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Jaridun duniya suka ɗauki labarin a farkon watan Afrilun 2009, kowa na jinjina wa juriyar dabbar. Juriyar kam ba ta da musu. Amma mai kare da ke shirin hawa jirgi da shi, ba abin da zai ƙaru da shi daga ninƙayar Sophie. Abin da zai amfane shi yana cikin 'yan mintocin da suka gabaci faɗuwarta, da awa gudan da aka yi ana nema, da watannin da ta yi a tsibiri ba wanda ya san mai ita.

Yadda aka rasa ta

Sophie irin karnukan kiwon shanu ce na Ostareliya, waɗanda aka samar a ƙarni na 19 don kora garke a tafiya mai nisa, kuma akwai jinin dingo, karen dajin ƙasar, a jikinsu. Nauyinsu kan kai kilo 15 zuwa 22. Gajeru ne kakkaura, masu ƙarfin ƙirji, ba sa saurin gajiya. Gashinsu kuwa gauraye ne na baƙi da toka, shi ya sa a can ake ce musu shuɗɗa. A riƙe wannan batu na launi, domin shi ne rabin labarin.

Kare a kan jirgi ba ya da abin kamawa. Mutum in igiyar ruwa ta daki jirgi yakan cafki ƙarfe ko igiya; kare sai dai ya buɗe ƙafafu ya dogara da farata, su kuwa farata ba sa cizon daɓen jirgi mai santsi, balle in ya jiƙe. Shingen da ake kewaye jirage da shi ma don tsayin mutum aka yi shi, kare yakan sulale ta ƙarƙashinsa kamar ba a sa komai ba. Ga shi kuma ba ya ihu in ya faɗa. Ƙarar inji da ta iska sun isa su haɗiye 'yar fantsamar da zai yi.

To sai lissafi. A ɗauka jirgi na tafiyar kilomita 15 a awa, wanda ba wani gudu ba ne. Kowane minti ɗaya yana cin mita 250. In an yi minti biyar ba a lura ba, an bar kare a baya da fiye da kilomita ɗaya; in minti goma ne, kilomita biyu da rabi. Abin da ke sama da ruwa kuwa kansa ne kaɗai, bai wuce ƙaramar ƙwarya ba, kuma duk igiyar da ta kai rabin mita za ta ɓoye shi ta bayyana shi ta sake ɓoyewa. Yanzu a ɗora launin toka a kan wannan ƙwarya, a ajiye ta a ruwa mai launin toka, ƙarƙashin sama mai launin toka. Mutanen nan ba sakacin nema suka yi ba. Ana iya wucewa ta gefenta da mita ɗari ba a gan ta ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wurin. Gaɓar Mackay na cikin wuraren da teku ke cikowa da janyewa sosai a gabashin Ostareliya, bambancin kan kai mita shida a manyan ranaku. Ruwa mai yawa haka in zai ratsa tsakanin tsibirai, gudu yake yi. Saboda haka wurin da karyar ta faɗa daban, wurin da take bayan rabin awa daban. Ita ma ba gungume ba ce da za ta tsaya inda ruwa ya ajiye ta. Kare kan bi bayan jirgi da farko, in ya ɓace masa sai ya nufi duk inda hancinsa ko idonsa ya nuna masa tudu.

A ganina kuskuren farko ya faru ne tun kafin igiyar ta daki jirgin: lokacin da yanayi ya fara canzawa, karyar tana waje. Da an tura ta cikin ɗakin jirgi an rufe ƙofa, da labarin ya ƙare a nan, ba jarida ba hoto. Matsalar ita ce lokacin da ya fi dacewa a tuna da kare shi ne lokacin da aka fi mantawa da shi, domin kowa ya duƙufa kan sitiyari da kayan da ke zamewa. Shi ya sa masu yawan fita da karnuka kan ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa tun daga tasha, a ambaci sunansa, kowa ya ji. Kare na kowa ba na kowa ba ne. Sannan akwai sabo, wanda Bahaushe ya kira turken wawa: kare ya hau jirgi sau ashirin lafiya, sai a ɗauka ya iya.

Batun riga

Maganar da aka fi ji ita ce, ai kare ya iya ruwa. Sophie ta tabbatar da haka fiye da yadda kowa ya zata, kuma duk da haka aka rasa ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rigar ceto ta kare ba don koya masa ninƙaya aka ɗinka ta ba. Aikinta na farko a gan shi: ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai ƙyalli, da ratsin da ke haskawa in an dalla fitila. Aikinta na biyu a ɗago shi. Akwai mariƙi a gadon bayanta, wanda hannu ko sandar ƙugiya ta jirgi za ta iya kamawa. Duk wanda ya taɓa gwada ciro jiƙaƙƙen kare mai kilo 20 daga ruwa, yana sunkuye daga jirgin da bakinsa ya ɗara ruwa da mita guda, ya san ba wasa ba ne. In ka ja shi ta abin wuya, ko dai ya zame ta kansa ya bar ka da shi a hannu, ko ka shaƙe shi. Sai na uku, riga na saya masa lokaci: in ya gaji, ko sanyi ya kama ƙafafunsa, ba zai nutse nan take ba, musamman in rigar na da ɗan matashi a ƙarƙashin haɓa mai tallafe kai.

Girman rigar ma abin dubawa ne. A auna ƙirjin kare a inda ya fi faɗi, a ɗaure har sai yatsu biyu kaɗai ke shiga tsakanin ɗamara da fata, sannan a ɗaga shi ta mariƙin tun a tudu a gani ko zai zame. A bar shi ya yi yawo da ita a gida, ya yi iyo da ita a bakin ruwa marar zurfi. Ranar tafiya ba ranar gwaji ba ce.

Kuma ba kowane kare ne Sophie ba. Masu gajeren hanci da faffaɗan ƙirji, irin su buldog da fag, da ƙyar suke riƙe hanci sama da ruwa. Tsofaffi da 'yan kwikwiyo da masu ƙiba ba sa daɗewa. Ruwan Mackay a wannan lokaci na shekara ɗumi gare shi, ya haura digiri 24. Da a tekun Ingila ta faɗa da hunturu, da sanyi ya gama da ita tun ba ta yi rubu'in tafiyar ba.

Wasu kan ce, to a ɗaure shi mana. Ɗaurewa na da amfani in an yi ta daidai, tana kuma kisa in an yi ta ba daidai ba. Doguwar igiya a wuya ita ce mafi muni: kare ya zame ta gefe, ya rataye, jirgi na jan sa kusa da farfela. In za a ɗaure, a ɗaura a ɗamarar ƙirji, igiyar kuma ta gajarta yadda ba zai kai bakin jirgi ba ko ya miƙe iya miƙewa. A ƙaramin kwale-kwalen da zai iya kifewa kuwa, kada a ɗaure shi sam, kar jirgi ya tafi ƙasa da shi. Masu jiragen filafilai kan kewaye shingen da raga tun daga sama har ƙasa, su shimfiɗa tabarmar roba inda kare ke kwanciya.

Na san wani mai karatu zai yi murmushi, ya ce riga ga kare, alhali a koginmu na Kwara mutane ne ke cika jirgi maƙil ba ko riga ɗaya, kamar yadda aka gani a hatsarin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma mutum ne farko. Amma maharba da makiyaya na tsallaka koguna da karnukansu a kwale-kwale, kuma a can haɗarin kare na mutane ne kai tsaye. Kare ya hango tsuntsu ya zabura gefe guda, mutum biyu su miƙe su kamo shi, nauyi ya koma ɓangare ɗaya. Wurinsa tsakiya ne, a ƙasa, kwance tsakanin ƙafafun wanda ya sani.

Awa gudan nema

Ma'auratan sun yi abu ɗaya daidai wanda ba a cika yaba musu a kai ba: ba wanda ya yi tsalle cikin ruwa. Ba su gan ta ba balle su bi ta, amma ko da sun gan ta, zama cikin jirgi shi ne daidai. A ranar 5 ga Janairun 1983, a Blackpool ta Ingila, wani baƙo ɗan yawon buɗe ido ya shiga teku don ceto ƙaramin karensa. Shi da 'yan sanda uku da suka je cetonsa duk suka rasu. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau masu aikin ceto a gaɓar Birtaniya na nanata wa jama'a cewa kada su bi kare cikin ruwa, domin sau da yawa karen kan fito da kansa, mai shi ne ba ya fitowa. Ko an kai gare shi ma, firgitaccen kare hawa kan mutum yake yi da farata, yana danna shi ƙasa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ƙa'idar da matuƙa ke bi in mutum ya faɗa ita ce ta kare. Wanda ya gani ya yi ihu, ya nuna da hannu, kada ya ɗauke ido ko na daƙiƙa ɗaya, ko me ake yi a jirgin. A jefa wani abu mai yawo a kan ruwa, domin ruwa zai ja shi kusan yadda zai ja karen, ya zama alama. A danna maɓallin da ke kan na'urar GPS wanda ke adana wurin nan take. In kuma ba a ga faɗuwar ba, kamar a wannan lamari, sai a koma kan layin da aka biyo, na'urar na zana shi. Akwai juyin da ake kira na Williamson, wanda sojojin ruwan Amurka suka yaɗa a lokacin yaƙin duniya na biyu: a karya sitiyari gaba ɗaya gefe guda har jirgi ya kauce da digiri 60, sannan a karya shi ɗaya gefen har ya fuskanci inda ya fito. Wannan na mayar da jirgi kan sawunsa. Daga nan a tambayi kai, yaushe aka yi masa ganin ƙarshe, kuma ina ruwa ke ja? A riƙa kashe inji lokaci-lokaci a kasa kunne, a yi kira, domin muryar mai shi na iya juyo da shi. In an iso gare shi, a cire giya kafin a matsa, farfela ba ta san kare ba.

Watannin tsibiri

St Bees da maƙwabcinsa Keswick na da nisan kimanin kilomita 30 daga Mackay, wani siririn mashigi ne ya raba su. Mazaunansu 'yan ƙalilan ne. Yawancin St Bees gandun daji ne na gwamnati, mai duwatsu da kurmi, akwai dabbar kowala da aka kai can tun shekarun 1930, masu bincike na zuwa nazarinta, a wancan lokacin kuma akwai awakin da suka zama na daji.

Mutanen tsibiran sun riƙa hango wani kare jefi-jefi. Da farko a rame yake, ƙasusuwa a waje. An yi ƙoƙarin jawo shi da abinci, ya ƙi kusantar kowa. Can daga baya sai aka ga ya murmure, ma'aikatan gandun daji kuma suka fara cin karo da gawarwakin 'yan awaki. Karyar da ta saba da kwano ta koma farauta. Ta kuma ci sa'ar lokaci, domin daga Disamba zuwa Maris damina ce a can, ruwan sama na taruwa a kwaruruka. Ruwan teku ba ya kashe wa kare ƙishi, amai da zawo yake sa shi, in ya yawaita gishirin ya taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai ga farfaɗiya. Wannan ne dalilin da ya sa a jirgi ake ajiye masa kwanon ruwan daɗi a inuwa a riƙa cikawa, don kada ƙishi ya kai shi lasar na gishiri. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, saboda haka rana a kan jirgi na cinye ruwan jikinsa da sauri.

Nan ne ɓangaren da ya fi ci mini rai a lamarin. A tsibiri ana ganin kare ba a san mai shi ba. A Mackay, tafiyar da ba ta kai yini ba, masu kare na makoki. Watanni suka shuɗe labaran biyu ba su haɗu ba. Su sun riga sun yanke cewa ta mutu, kuma wa zai zarge su? Kilomita tara a buɗaɗɗiyar teku ba abin da hankali ke ɗauka ba ne. Amma jinkirin ya kusa zama ajalinta ta wata hanya. Dokar Kwinsland ta hana shiga da karnuka gandun daji na gwamnati, kuma karen da ke farauta a tsibirin da ake kare kowala, ɓarna ne da dole a kawar. Ta yi dace ma'aikatan tarkon keji suka ɗana mata.

A kwatanta da abin da ya faru a Kalifoniya a watan Fabrairun 2016. Wata karya mai suna Luna ta faɗa daga jirgin kamun kifi kimanin kilomita uku daga tsibirin San Clemente, wanda ke hannun sojojin ruwan Amurka. Mai ita ya kai rahoto nan da nan, ya ce gwanar iyo ce, tana iya kaiwa tudu. An nema ba a samu ba, amma da ta ɓullo a bakin hanya bayan mako biyar, waɗanda suka gan ta sun riga sun san ko ta wace ce.

Abin yi ke nan a ranar da abin ya faru, tun kafin a yi kuka: a sanar ta rediyon jirgi don sauran jiragen da ke kusa su sa ido, a kira masu aikin ceto, a ba ma'aikatan gandun daji da mazauna kowane tsibiri da ke kewaye hoto da lambar waya, a sake tuntuɓarsu bayan mako biyu, da bayan wata guda. A wuyan kare a rataya lambar waya da sunan jirgi. Akwai kuma 'yar ƙwayar shaida, mai girman ƙwayar shinkafa, da likitan dabbobi ke sawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Ba ta nuna inda kare yake, mutane na yawan kuskuren wannan. Sai an kama shi an ɗora na'urar karantawa sannan sunan mai shi ya fito. Jihar Kwinsland ta yi dokar wajabta ta a 2008, ta fara aiki daga 2009.

A lamarin Sophie, baki ne ya yi aikin da takarda ba ta yi ba. Maganar karen St Bees ta zaga har ta kai kunnen ma'auratan, suka tuntuɓi ma'aikatan gandun dajin, ba don sun yarda ba, sai don zuciya ta ƙi haƙura. A ƙarshen watan Maris na 2009 tarko ya kama. Ma'aikatan suka ɗoro kejin a jirginsu zuwa Mackay, suna gargaɗin cewa dabbar ta yi zafi, ba ta bari a matso ta.

Ma'auratan na tsaye a tashar jiragen lokacin da aka iso. Matar ta kira sunanta. Karyar da ta yi wata huɗu tana gudun mutane ta fara kukan shagwaɓa tana dukan keji da jikinta, aka buɗe, ta yi tsalle ta kusa kayar da su ƙasa. Cikin 'yan kwanaki ta koma cin abincinta a kwano, ta koma kwanciya inda sanyin na'urar ɗaki ke bugawa.